Sauyin Yanayi da Yaɗuwar Ƙwarin Amfanin Gona

Ƙwaro ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa kamar yadda mutum ko akuya ke yi. Zafin jikinsa shi ne zafin wurin da yake zaune, saboda haka saurin ƙyanƙyasar ƙwansa, da girman tsutsarsa, da yawan abin da yake ci, da lokacin da zai soma haihuwa, duk a hannun yanayi suke. Kowane irin ƙwaro yana da matakin sanyin da girmansa ke tsayawa cik, yana da matakin zafin da ya fi jin daɗi, yana kuma da wanda idan aka wuce shi sai mutuwa. Tsakanin waɗannan iyakoki, duk ƙarin ɗumi ƙarin sauri ne a rayuwarsa. Tsutsar masara da ta addabi Afirka tana kammala zubi ɗaya, wato daga ƙwai har ta zama uwa mai yin ƙwai, cikin kwana 30 a lokacin zafi. Idan gari ya ɗan yi sanyi sai ta ɗauki kwana 60, a lokacin hunturun ƙasashen da ta fito kuwa har kwana 80 zuwa 90. Ma'anar wannan ga manomi a fili take: inda a da ake samun zubi uku a shekara, ɗumi kaɗan zai iya mayar da shi huɗu ko biyar, kuma kowane zubi ninki ne a kan wanda ya gabace shi.

Ɗumin da ake magana a kai an auna shi. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ɗara na shekarun 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Tun kafin wannan ƙari ma, asarar ba ƙarama ba ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtukan tsirrai kan lalata abin da ya kai kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a shekara, kuma baƙin ƙwari kaɗai, waɗanda suka shiga ƙasashen da ba nasu ba, na jawo asarar aƙalla dala biliyan 70.

A 2018 wani ayarin masana ƙarƙashin Curtis Deutsch na Jami'ar Washington ya wallafa lissafin abin da zai faru da alkama da shinkafa da masara. Sun gano cewa duk ƙarin digiri 1 zai ƙara asarar da ƙwari ke jawowa da kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Idan ɗumin ya kai digiri 2, asarar alkama za ta ƙaru da kashi 46, ta masara da kashi 31, ta shinkafa da kashi 19. Abu biyu suka haɗa a lissafin: zafi na sa ƙwaro ya ƙara ci, yana kuma sauya yawan haihuwarsa. A ƙasashe masu sanyi irin su Faransa da Sin da Amurka, biyun suna tafiya tare, ci ya ƙaru, haihuwa ta ƙaru. A ƙasashe masu zafi lamarin ya ɗan bambanta, domin ƙwari da yawa sun riga sun kusa iyakar zafin da za su iya jurewa, ƙarin zafi zai iya rage haihuwarsu ko da yake kowane ɗaya zai ƙara ci. Wannan ba abin sakin jiki ba ne ga manoman Sahel da makamantansu. Abin da yake nunawa shi ne cewa a irin waɗannan wurare ba ma'aunin zafi kaɗai ake kallo ba, ruwan sama da rikicewar lokacinsa sun fi yin tasiri, kamar yadda za a gani nan gaba.

Gushewar katangar sanyi

A tarihi, sanyi ne ke tsare ƙwari a wurarensu. Hunturu mai ƙanƙara yakan kashe ƙwai da tsutsa, ya bar kaɗan su soma daga farko idan bazara ta zo. Yanzu wannan katanga tana ja da baya. Masana a Jami'ar Exeter ta Ingila, ƙarƙashin Daniel Bebber, sun bi bayanan ƙwari da cututtukan amfanin gona iri 612, suka wallafa a 2013 cewa tun daga 1960 waɗannan halittu suna matsawa zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya da kusan kilomita 2.7 a kowace shekara. A Birtaniya, cibiyar bincike ta Rothamsted tana kama darɓa da tarkon iska tun 1964, kuma lissafinta ya nuna cewa duk ƙarin digiri 1 a watannin Janairu da Fabrairu yana sa wata irin darɓa ta soma tashi da wuri da kusan mako biyu. Bayan hunturu mai sauƙi na 2019 zuwa 2020, darɓar ta afka wa gonakin gwozar sukari na Turai tun tsiron yana ƙarami, ta yaɗa masa cutar da ke mayar da ganye rawaya, har amfanin Faransa ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100.

A Afirka katangar sanyin tana kan tsaunuka ne. Ƙwaron da ke huda 'ya'yan kofi shi ne babban abokin gabar wannan amfani a duniya, amma tsaunukan Habasha da Kenya da Tanzaniya sun daɗe suna fin ƙarfinsa. Binciken cibiyar icipe da ke Nairobi ya nuna cewa kafin 1984 yankin Jimma na Habasha ya yi wa ƙwaron sanyi ƙwarai, ko zubi ɗaya ba ya iya kammalawa a shekara, daga baya sai ga shi yana yin ɗaya zuwa biyu. A kan dutsen Kilimanjaro an same shi mita 300 sama da inda yake tsayawa shekara goma kafin nan. Haka tsutsar kara mai suna Chilo partellus, wadda ta shigo Afirka daga Asiya, ta saba zama a ƙasa mai ɗumi, yanzu tana hawa gonakin masara na kan tudu a gabashin Afirka. Manomin kan tsauni bai gaji sanin waɗannan ƙwari daga iyayensa ba, kuma irin da yake shukawa ba a zaɓe shi don jure musu ba.

Farar ɗango da ruwan da ya sauka a hamada

Babu misalin da ya fi farar ɗango nuna abin da ruwan sama ke iya yi. A yawancin shekaru wannan fara tana zaune ɗaya ɗaya a hamada, daga Muritaniya har Indiya, tana gudun 'yar'uwarta, ba ta cutar da kowa. Idan ruwa ya sauka mai yawa, yashi ya jiƙe, ciyawa ta fito, sai ta yi ƙwai ta hayayyafa. Da ciyawar ta soma bushewa, sai farin su taru a 'yan wuraren da suka rage kore, suna gogar juna. Wannan gogayya, musamman a ƙafafun baya, tana tayar da wani sinadari a jijiyoyinsu mai suna serotonin, cikin 'yan sa'o'i halinsu ya sauya su koma masu son taro, daga baya launinsu da surar jikinsu ma su sauya. Masanin ƙwari Boris Uvarov ne ya gano a 1921 cewa fara mai zaman kaɗaici da mai tafiya a runduna halitta ɗaya ce. Zubi ɗaya yana ɗaukar kusan wata uku, kuma idan hali ya yi kyau yawansu na ninkuwa sau 20. Rundunar da ta rufe murabba'in kilomita 1 tana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, tana iya cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini, tana kuma iya tafiyar kilomita 150 a rana idan iska ta taimaka.

A watan Mayun 2018 guguwar teku mai suna Mekunu ta zubar da ruwa a hamadar Rub'ul Khali ta kudancin yankin Larabawa, har tafkuna suka kwanta tsakanin tuddan yashi. Kafin wurin ya bushe, a watan Oktoba sai ga wata guguwar, Luban. Fara ta samu wata tara tana haihuwa a inda babu hanya kuma babu mai sa ido, ta yi zubi uku, ta ninku sau 8,000 a ƙiyasin FAO. Daga nan ta bazu zuwa Yaman, inda yaƙi ya hana feshi, ta tsallaka teku zuwa Habasha da Somaliya a 2019. A ƙarshen wannan shekara gabashin Afirka ya sha ruwa fiye da ƙima, sannan guguwar Pawan ta sauka a Somaliya cikin Disamba. A farkon 2020 Kenya ta ga farar da ba ta ga irinta ba cikin shekara 70, Habasha da Somaliya cikin shekara 25. An auna wata runduna a arewacin Kenya mai tsawon kilomita 60 da faɗin kilomita 40.

Abin da ya haɗa wannan da sauyin yanayi shi ne tekun Indiya. A wasu shekaru ɓangarensa na yamma, kusa da Afirka, yakan fi na gabas ɗumi ƙwarai, sai ruwa da guguwa su karkato yamma, kuma 2019 tana cikin shekarun da bambancin ya fi tsanani. Wani bincike na 2014 ya yi hasashen cewa idan hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ci gaba da ƙaruwa, irin wannan shekara mai tsanani za ta riƙa zuwa sau ɗaya a kusan shekara 6 maimakon sau ɗaya a shekara 17. Ba daidai ba ne a ɗora annobar 2020 gaba ɗaya a kan yanayi, domin yaƙi da raunin hukumomin sa ido sun taka rawa babba. Amma sharaɗin farko, wato ruwa mai yawa a hamada sau biyu a jere, shi ne ake sa ran zai yawaita.

Yammacin Afirka yana da nasa wuraren haihuwar fara: Tamesna da Abzin a arewacin Nijar, Adrar na Ifoghas a Mali, da arewa maso yammacin Muritaniya. Daga irin waɗannan wurare annobar 2003 zuwa 2005 ta taso bayan damina mai ruwa a 2003, ta haɗu da ƙarancin ruwan 2004, Nijar ta faɗa matsalar abinci a 2005. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a Sahel tun daga 1982. Ga wanda ya san rayuwar farar ɗango, wannan labari ne mai tayar da hankali, balle yanzu da rashin tsaro ya sa ma'aikatan sa ido ba sa iya shiga wasu daga cikin wuraren.

Fari, da ƙwarin gida da suka rikiɗe

Rashin ruwa ma yana da nasa ƙwarin. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana barin zane mai murɗewa a jikinta, tsohuwar 'yar gida ce a Sahel, amma ba a lissafa ta cikin manyan masu ɓarna ba sai bayan farin 1968 zuwa 1974. Tana yin zubi ɗaya a shekara. Tana kwana a cikin ƙasa duk tsawon rani, uwar ta fito kusan wata guda bayan ruwan farko, ta zuba ƙwai a kan zangarniyar da ke fitowa. Ɓarnar ta dogara ne ga haɗuwar lokaci biyu, fitowar uwar da fitar kan gero. Idan suka dace, asara na iya kaiwa kashi 85 cikin 100 a gona. Geron da ke nuna da wuri, wanda manoma ke komawa gare shi saboda gajartar damina, shi ya fi faɗawa wannan tarko. Nan ana ganin yadda dabarar tsere wa fari kan iya buɗe ƙofa ga wata matsalar.

Darɓa kuwa tana son tsayawar ruwa a tsakiyar damina, domin ruwa mai ƙarfi yana wanke ta daga ganye, kuma tsiron da ƙishirwa ta galabaitar ba ya iya kare kansa. A 1975, jim kaɗan bayan shekarun fari, darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Nijeriya, ta lalata kusan hekta 700,000. Da wannan annoba da farin da ya gabace ta da karkatar ƙasa ga man fetur aka rasa dalar gyaɗar Kano. Ƙananan fari na cikin gona ma suna da irin wannan hali: ƙwan wasu irinsu yana iya jira a ƙasa fiye da shekara idan ruwa bai samu ba, ya ƙyanƙyashe gaba ɗaya idan damina ta dawo, kamar yadda aka gani a Sahel a 1985 da 1986.

Baƙin da fatauci ya kawo

Akwai kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar duk wani sabon ƙwaro a matsayin aikin sauyin yanayi. Mafi yawan baƙin ƙwari a cikin kaya suke tafiya, a jirgin sama ko na ruwa ko mota. Aikin yanayi shi ne ya ba su masauki ko ya hana su.

Tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda 'yar nahiyar Amurka ce. Ba ta da dabarar kwanciya ta jira wucewar sanyi, saboda haka a Amurka ta Arewa sai a kudancin Florida da Texas take tsira da hunturu, daga nan uwayen su bi iska zuwa arewa kowace shekara har Kanada. Uwa ɗaya tana zuba ƙwai 1,000 ko fiye, tana kuma iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya. An fara ganinta a Afirka a watan Janairun 2016 a kudu maso yammacin Nijeriya, masanan cibiyar IITA suka tabbatar da ita. Cikin shekara biyu ta shiga ƙasashe fiye da 40, ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostareliya a 2020. Cibiyar CABI ta ƙiyasta a 2017 cewa idan ba a ɗauki mataki ba, ƙasashe 12 masu noman masara a Afirka za su riƙa asarar tan miliyan 8 zuwa 20 a shekara. A mafi yawan Afirka babu sanyin da zai katse ta, kuma noman rani yana ba ta masara a watannin da a da babu kore. Malaman gona sun lura cewa ɓarnarta ta fi muni idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, domin ruwa mai ƙarfi yana kashe ƙananan tsutsotsin da ke cikin zuciyar masara. Ƙarin ɗumi kuma yana faɗaɗa yankin da za ta iya zama duk shekara, abin da ya sa kudancin Turai ke sa ido a kanta.

Haka labarin Tuta absoluta yake, tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon. Asalinta Amurka ta Kudu, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bi kayan gwari zuwa arewacin Afirka har ta tsallako Sahara. A 2016 ta share gonakin tumatir a Kadawa da Kura da sauran wuraren noman rani, jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin cikin watan Mayu. Tana iya yin zubi 10 zuwa 12 a shekara, tana ɓuya a cikin naman ganye inda feshi ba ya kai mata sosai. Sanyin hunturu yana rage mata gudu, zafin Maris da Afrilu yana sake ta. Duk shekarar da hunturu ya gajarta, tumatirin da aka dasa a makare yana cikin haɗari.

Abin da ke faruwa da tsiro da maƙiyan ƙwari

Iskar kabon da ke ɗumama duniya ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, kuma tana taɓa tsiron kansa. A ƙarƙashin kabon mai yawa, ganyen tsirrai da dama yakan ƙaru da sitaci ya ragu da sinadarin gina jiki, sai tsutsa ta ƙara ci kafin ta samu abin da take bukata. A wani gwaji a fili a jihar Illinois ta Amurka, waken suya da aka ƙara wa kabon ya rage samar da sinadaran kare kansa, wani buzuzu ɗan asalin Japan ya fi cinsa, ya kuma fi daɗewa a raye.

Kowane ƙwaro mai ɓarna yana da masu cinsa: gizo-gizo, tururuwa, tsuntsaye, da ƙananan dangin zanzaro masu zuba ƙwai a jikin tsutsa. Waɗannan ba lallai su amsa sauyin yanayi da sauri ɗaya da abincinsu ba. Idan tsutsa ta fito mako biyu kafin maƙiyinta, ta gama ɓarna kafin ya iso. Feshin guba barkatai yana ƙara dagula wannan, domin yakan fi kashe maƙiyan, kuma ƙwaro mai zubi da yawa a shekara ya fi saurin sabawa da magani. Zafi mai tsanani yana kuma sa wasu magunguna su lalace ko su tashi da wuri. A rumbu ma haka ne: ƙwaron wake yana kammala zubi cikin kusan wata guda a ɗaki mai ɗumi, ya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni.

Matakan da aka gwada

Mataki mafi araha shi ne ganin ƙwaro tun yana kaɗan. Ofishin FAO da ke Rum yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam na ruwa da ciyawa da rahoton ma'aikatan da ke yawo a hamada, yana fitar da sanarwar fara kowane wata. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana yin irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel, hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Raunin yana wajen isar da labarin ga manomi a harshensa kuma a kan lokaci, da samun malamin gona da zai duba gonar.

A kan murzuna, masana a cibiyar INRAN ta Maraɗi da abokan aikinsu na Mali da Burkina Faso sun soma tun 2006 sakin wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Ana sa shi a 'yan jakunkunan algarara tare da hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rarraba jaka 15 a kewayen ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai. Dogon rani mai zafi yana rage yawansa a daji, shi ya sa ake sake sakinsa, har wasu ƙungiyoyin manoma suka mayar da kiwonsa sana'a. A gabashin Afirka, dabarar icipe ta shuka wata ciyawa dangin wake mai korar uwar tsutsa a tsakanin layukan masara, da wata mai janyo ta a gefen gona, ta rage tsutsar masara da fiye da kashi 80 cikin 100 a gonakin da aka auna, kuma an sauya ciyayin da masu jure fari. Ga fara akwai maganin da aka yi da naman gwari mai suna Metarhizium, wanda ke kashe fara ya bar sauran halittu. Ga ajiya kuwa akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta fito da shi a 2007, mai toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da guba ba. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana aiki a kan ƙananan tsutsotsi idan an fesa da yamma, tun ba su shige cikin zuciyar masara ko naman ganye ba, kuma duba gona sau ɗaya ko biyu a mako daga fitowar tsiro shi ke nuna lokacin da ya dace a yi feshin.